Tseren Na'urar Injiniya Garzali

Allah ya yi wa Gazawa baiwa iri-iri. Ya ba ta ƙasar noma, ya ba ta kasuwa, ya ajiye mata iyaka kusa, yadda mai babur zai tsallaka ya dawo tuwo bai huce ba. Amma babbar baiwar da ya yi mata, in ka tambayi Injiniya Garzali, ita ce Injiniya Garzali.

Ni ba na musu. Wa zai yi musu da mutum mai tabarau biyu, ɗaya a ido, ɗaya a goshi yana jiran aiki? Mutum ne da ba ya amsa gaisuwa sai ya gama nazarin abin da ke hannunsa, ko da kuwa goro ne. Shagonsa na nan bakin kwalta, daf da tasha, kuma a saman ƙofar an rubuta da jan fenti: Likitan Na'urori Na Duniya Da Kewaye. Har yau ba a samu wanda ya zo daga kewayen ba, amma ƙofa a buɗe take.

Injiniyancin ma da guminsa ya samo shi. Ya tsallaka Katsina ya yi ƴan watanni yana riƙe wa wani mai gyaran salula fitila. Mutane in sun tsallaka iyaka, wani da atamfa yake dawowa, wani da mai a jarka. Shi da injiniyanci ya dawo, kuma ko ƴan duwan masu binciken kaya a iyaka ba su gan shi ba, balle su ce a sauke.

Kowace salula aka kai masa, cutarta ɗaya ce. Ta faɗa rijiya, matsalar giga ce. Akuya ta taka ta, matsalar giga ce. Mai ita ya manta bai kunna ba, ita ma giga ce, sai dai ƙarama. Shi ya sa ƴan kabu-kabu na tasha suka raɗa masa Baban Giga. Da ya ji, sai ya ji daɗi, har ya so a ƙara a saman ƙofa, fenti ne ya ƙare. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Amma a faɗi gaskiya, ko don ranar da za a tambaye mu, yana da abu ɗaya na ƙwarai. Wata baƙar ordinater ce, wadda ƴan ƙetare ke kira kwamfuta, mai gilashi a haƙarƙari, ana hango hanjinta, ƴan fankoki na juyi, fitilu ja da kore na walƙiya kamar motar amarya. Guntu-guntu ya haɗa ta, shekara da shekaru, kuma ita ke ci da gidansa. Da ita yake wanke hoton katin ɗan ƙasa, da ita yake buga katin biki, da ita yake zuba wa mutane karatu da wa'azi a salula. Matarsa Hasiya ta san duk tukunyar da ta ɗora daga cikin baƙin akwatin nan take fitowa. Kullum da safe ita ke goge ta da tsumma mai laushi, tana lallaɓa ta fiye da yadda take lallaɓa mai ita.

Ana nan, sai wani azumi ya faɗo tsakiyar bazara, irin zafin da ƙadangare ke tafiya a kan ƴan yatsu. Ranar nan bayan azahar, mutane na neman takalmansu a ƙofar masallaci, Baban Giga ya gyara murya. Ba sai mun aika an jiyo mana ba, muryarsa da kanta ta tsallako katanga ta same mu.

"Jama'a," in ji shi, "kuna nan kuna gardamar farashin wake, duniya ta yi gaba. Kowace na'ura da kuka gani, maƙeranta sun sa mata linzami, sun ce iyakar gudunki ke nan. Tsoro ne irin nasu. To akwai mu, ƴan ƙalilan a doron ƙasa, masu cire linzamin nan. Yanzu an buɗe gasa. Mutanen Sin sun shiga. Jamusawa sun shiga. Ƴan Amirka sun shiga. Gazawa ma ta shiga, ga ta tsaye a gabanku. Wala!"

Wani tsoho ya ce Allah ya ba da sa'a, ya kuma roƙe shi ya ɗaga ƙafa, don a kan takalminsa Gazawa take tsaye.

Yadda na fahimta, da ɗan karatun lakol ɗin da na taɓa, abin kamar tseren jakuna ne, sai dai jakin ba ya barin kan tebur. Kowa a gidansa yake yin nasa. Ka matsa wa ƙwaƙwalwar na'ura wuta fiye da ƙima, wata lamba, wai ita ce gigar gudunta, ta riƙa hawa a fuskarta. In ta kai maƙura sai ka danna maɓalli guda, na'urar ta ɗauki shaidar gudun da kanta, ka aika kafin a rufe. Wanda ya aika, sunansa da na garinsu za su hau wani allo da duk duniya ke leƙawa. Wanda bai danna ba, ko na'urarsa ta yi fiffike ta tashi sama, bai yi komai ba. Allon nan Garzali ya sa a ransa. Da shi yake sahur, da shi yake buɗa baki.

Sai dai jakin nan in an matsa masa, zazzaɓi yake yi, irin mai kisa. Saboda haka gasar rabinta gudu ce, rabinta jinya. Mutanen can, wai, wani ruwa suke kwarara wa ƙwaƙwalwar, mai sanyin bala'i, mai tashin hayaƙi, wanda in ka tsoma yatsa zai ƙage ya karye kamar kara.

Injiniya ya bincika, ya ji cewa wani likitan dabbobi a Maradi yana da irin ruwan a cikin tulun ƙarfe. Ya sa farar riga, ya shiga mota. Abin da ake ajiyewa a cikin tulun na bijimai ne, kuma bakina bai saba faɗin irinsa ba. Ya zaunar da mutumin, ya yi masa bayanin Sin da Jamus, ya miƙa jarka a ɗan zuba masa. Mutumin ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaye shi ko yana da saniya. Da yamma Baban Giga ya dawo da jarkarsa wayam, ya sanar da ƴan tasha cewa ya duba ruwan da idonsa, bai kai matsayin na'urarsa ba.

"Da namu na gida za mu kunyata su," in ji shi. "Ƙanƙara da gishiri."

Maƙeri ya ƙera masa wani ƙoƙo na tagulla da zai zauna daram a kan ƙwaƙwalwar. A cusa masa dakakkiyar ƙanƙara, tana narkewa ana ƙarawa. Muddin ƙoƙo na cike, na'ura na raye. In ya ƙafe kuwa, sai wani ikon Allah.

To, wanda bai yi azumin bazara a ƙasar nan ba bai san darajar ƙanƙara ba. Tun la'asar ake layi a ƙofar masu firigo. Wuta ta je ta dawo, wata rana ta je ta manta hanya. Mace takan samu guntu kamar ƙwan zabuwa, ta naɗe shi cikin zane, ta rungume shi zuwa gida kamar jariri sabon haihuwa. Na ga surukan da suka yi wata ba sa gaisawa a kan ƙanƙara. A irin wannan lokaci ne Injiniya ya tashi tara ta.

Ya kame ta Gazawa. Ya aika Agiye, ya aika Cadawa. Har Gidan Rumji ya yi waya wurin surukinsa, don in tarihi ya zo tambaya a ce gari huɗu ne suka sa hannu. Ta Gidan Rumji ta taso da girman turmi, ta ratsa Maradi a bayan mota, ta iso kamar curin sabulu, buhu na ɗiga. Ya karɓa da hannu biyu, ya ce ba girman ake dubawa ba, wakilcin.

Gasar a buɗe take tun farkon wata, ba za a rufe ba sai wata ranar kasuwa, tsakanin magariba da isha. Hasiya tana tankaɗe ta ce, "Baban Basira, mi zai hana ka yi abinka bayan asuba, gari da sanyi-sanyi, ka aika ka huta?"

"Bayan asuba? Wa ke nan bayan asuba? Zakaru zan yi wa?"

"To ita fa? In wani abu ya same ta, da mi za mu..."

"Hasiya, ke kina maganar tukunya, ni ina maganar tarihi."

Ta ci gaba da tankaɗenta. Shi kuwa ya sa aka yi shela: ranar ƙarshe, bayan la'asar, a ƙofar shago, kowa ya zo ya ga abin da kakansa bai gani ba.

Ranar ta zo. Aka kafa rumfa, aka jera kujerun haya a gaba don manya. Aka shimfiɗa sabon zanen Hasiya a kan tebur, aka ɗora na'ura a kai kamar amarya ranar buɗar kai. Ga gurup a gefe, wato injin ba da wuta, ko ta gari za ta yi halinta. Can kusa da bango kuma ga ƙanƙara, tsibi guda har ƙugun mutum, an lulluɓe ta da ƙaiƙayi da jiƙaƙƙun buhuna. Shi kansa gwanin ya fito da farar riga irin ta likita, da safar hannu, ya ƙara tabarau na uku, baƙi, wanda ya aro wurin mai walda.

Ya ɗauko Sanda maroƙi. Kwana da kwanaki yana koya masa sunayen hanjin na'ura don ya sa a kirari, Sanda na cewa to, to, ya shiga. Ya kuma gayyaci Alhaji Ishaku, babban mai fataucin wake da aya, a matsayin babban baƙo, ya rantse ba zai taɓa maɓalli ba sai Alhaji ya zauna.

Jama'a kuwa sun zo, masha Allah. Ƴan kasuwa suka naɗe kaya da wuri, ƴan kabu-kabu suka jingine babura, mutanen ƙauye suka fasa kama hanya. Mu tsofaffin mata muna can tsallaken hanya, gindin itacen bedi. Garzali ya dubi taron, ƙirjinsa ya cika. Bai lura ba, saboda baƙin tabarau, cewa babu ido ɗaya a kan tebur. Duka suna kan buhuna. Wani siririn ruwa yana tsiyayowa daga ƙarƙashin tsibin, kaji suka jeru suna sha suna ɗaga kai sama. Ban taɓa ganin ranar da magidanta suka yi wa kaza hassada irin ranar ba.

Alhaji Ishaku babban mutum ne, babban mutum kuwa ba ya riga rana sanyi. Sai Injiniya ya cike jiran da jawabi. Ya faro daga wanda ya gano wutar lantarki, ya gangaro har zuwa haihuwarsa. Ya ce tun yana yaro ya buɗe rediyon mahaifinsa don ya ga inda masu magana ke zaune. Wannan gaskiya ne, na tuna. Rediyon ba ta sake magana ba.

"Yau," in ji shi, "yaron Jamus zai buɗe allo ya ga an rubuta Gazawa. Zai tambayi ubansa, ina ne Gazawa? Uban zai yi shiru, don kunya. Ni ba don kaina nake yi ba. Ni suna ya ishe ni."

Yana cikin wannan sai Inna Delu mai daddawa ta tashi daga cikinmu, ta tsallaka hanya da ɗan kwanonta. Ta girmi uwarsa, kuma ita ta yi masa wankan farko, saboda haka tabarau ba sa ba ta tsoro.

"Garzali ɗana, ɗan ɓallo mini kamar goro, in jefa a kunu in an kira salla."

"Inna, wannan ba ƙanƙarar sha ba ce. Ƙanƙarar kimiyya ce."

"Ita kimiyyar azumi take yi?"

Aka yi dariya, irin ta masu ƙishirwa, marar ƙarfi. Ya ce in an gama zai duba lamarinta. Ta dawo ta zauna, ta kife kwanon a gwiwa, ta ci gaba da jan carbi. Mai haƙuri, an ce, shi ke dafa dutse.

Rana ta sauko kan itatuwa, ta yi ja, sannan motar Alhaji ta tsaya. Ya fito, ya bi manya ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi gida, ya tambayi zafi, ya tambayi ibada. Da ya zauna sai ya dubi jama'a, ya dubi rana, ya dubi buhuna, fuskarsa ta washe.

"Masha Allah, Injiniya! Ni an ce mini wasan na'ura ne, ashe shan ruwa ka shirya wa bayin Allah. Haka ake so. Mahaifinka ma haka yake."

Mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, ba haka yake ba. Amma ba a gyara wa mamaci yabo, ba a kuma gyara wa Alhaji magana.

A ƙasar nan, wanda magariba ta riske ka a ƙofarsa da azumi, shi ke da ruwan shanka. Ba a roƙo, ba a tuna wa mutum. Wanda ya tara jama'a har rana ta faɗi ya san abin da ya ɗauko. Baban Giga ya lissafa wuta, ya lissafa gishiri, ya san ƙarfe nawa ne a Jamus. Faɗuwar rana a Gazawa ce kawai ta ɓace masa.

Ya buɗe baki zai yi bayani, ladan ya riga shi.

Hasiya ta fito da dabino da kunun da ta dama don masu kujeru, da ruwan randa. Randar ta wuni a zafi, ruwan kamar na wankan jego. Alhaji ya karɓi kofi, ya kurɓa, ya yi hamdala kamar yadda ya kamata. Sannan ya dubi cikin kofin, ya dubi buhuna, ya sake duban kofin.  Manya ba sa cewa komai, kallo suke yi.

"A ɗan ɓallo wa Alhaji," in ji Garzali. "Alhaji kawai."

Aka ɗaga buhu, aka sa guduma. Ƙarar ƙwas ɗin nan, ina jin har tasha an ji ta. Sanda kuwa, kamar jira yake, ya zubar da duk sunayen hanjin da aka ɗura masa, ya koma ga abin da ya gada.

"Ya ɓallo! Garzali na Hasiya ya ɓallo! Kogin ƙanƙara, mai sa bazara rawar ɗari! Wasu sun tara gero sun liƙe rumbu, shi ya tara ƙanƙara ya yaye buhu! Giga ɗan Giga, jikan Giga, wanda hannunsa bai san aljihu ba!"

Na ga wuyan Injiniya yana ƙara tsawo a gabana. Tunda aka haife shi ba a taɓa yi masa kirarin kyauta ba, don ba a taɓa samun dalili ba. Abin ya shige shi kamar maganin barci.

"A ba liman," in ji shi. Can kuma, "A ba masu kujeru."

"Na tsaye fa?" in ji Sanda. "Na tsaye ba da baki suka yi azumi ba? A ƙofar Garzali ba a san na zaune da na tsaye ba! Gwamna ya ba da hanya, Garzali ya ba da sanyi, a tambayi maƙogwaro wanda ya fi!"

Hasiya ta matso ta baya ta ja farar rigar. "Baban Basira, ƙoƙon fa?"

"Akwai lissafi," in ji shi, bai ko juyo ba. Ya ɗaga hannu mai safa sama, kamar mai buɗe sabuwar kasuwa. "A ba kowa!"

Ban san inda kwanuka suka fito ba. Ashe kowa da nasa, wani a ƙarƙashin riga, wata a cikin mayafi, wani a hula ya tara. Guduma ta yi ta sauka. Inna Delu ta tsallaka a hankali, ba ta yi gudu ba, aka cika mata kwano har da tozo. Har mu na gindin bedi ta iso mana, Allah ya saka da alheri. Wuri ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙurus-ƙurus da ajiyar zuciya. Sannan addu'a ta ɓarke. Allah ya jiƙan mahaifa, Allah ya raya Basira, Allah ya ƙara giga. Shi kuwa yana tsaye yana karɓa da kai, kamar dama don haka ya fito.

Aka yi salla a nan gefen rumfa. Da aka sallame, aka ɗaga buhu na ƙarshe. Jiƙaƙƙen ƙaiƙayi ne, da ƴan gutsattsarin da in an tattara za su cika kwanon sha guda. Lokacin rufe gasa kuma na ƙaratowa.

Mai hankali da sai ya ce a bari sai baɗi. Amma jama'a sun sha sun yi sanyi, zuciyarsu ta yi fari, yanzu ne ma suka lura akwai tebur. "Bismilla, Injiniya," in ji Alhaji yana gyara zama. "Mu ga abin naka." Wanda aka yi wa kirarin kogi kuwa ba ya cewa ya ƙafe.

Aka tayar da gurup. Fitilu suka kama, fankoki suka ɗauka. Ya cika ƙoƙo, ya barbaɗa gishiri kamar mai gyaran miya, ya cire linzami. Lamba ta fara hawa.

"Giga biyar!" in ji shi.

"Amin!" in ji jama'a, don ba su san abin da ake amsawa ba.

"Biyar da kwata!"

"Amin!"

Ƙanƙara na shiga ƙoƙo tana zama ruwa kafin ya janye hannu. Ya ƙara, ya ƙara, ya kankare gindin kwano. Fankokin suka fara kuka kamar injin niƙa ya haɗu da tsakuwa. Wani zafi ya riƙa fitowa daga akwatin har masu kujeru suka ja baya. Inna Delu ce ta fara ganewa.

"Zazzaɓi ne, bayin Allah. Ku kawo mafici."

Ta tsaya a kan na'urar tana fifita, tana yi mata sannu. Mata suka bi da nasu, maza suka cire huluna, wani ya yago kwali. Wani ɗan kabu-kabu, Allah ya yi masa albarka, ya fito da guntun da ya ɓoye a kumatu ya miƙa, aka jefa a ƙoƙo. Duk Gazawa ta kewaye akwati tana fifita. Ba na jin akwai Bajamushen da na'urarsa ta taɓa samun gata irin wannan.

Kuma, ikon Allah, lambar ta ci gaba da hawa. Ta kai inda shi kansa bai taɓa gani ba. Na ga bakinsa ya buɗe, wannan karon ba don jawabi ba.

"Shida!" Muryarsa ta tsage. "Giga shida!"

Yatsansa na kan maɓalli. Dannawa kawai ta rage, abin da jariri ma zai iya. Hasiya ta dafe ƙirji. Sai Sanda ya kwarara murya:

"Ku dube shi! Ku dubi zaki a kan nama! Masu salula, ku ɗauka, jikoki su gani!"

Salula suka tashi sama ta ko'ina. Injiniya Garzali ya ga haka. Ya ɗauke yatsa daga maɓalli ya gyara wuyan riga. Ya juyo ya fuskanci jama'a, ya cire baƙin tabarau, ya sauko da na goshi, ya nuna sama da ɗan ali.

"Ku ja baya kaɗan," in ji shi, "ku haɗo da na'urar."

A bayansa wani abu ya ce ɗas, ƙarami, kamar an kashe ƙwarƙwata. Fitilu suka ɗauke. Fankoki suka juya sau biyu uku don ladabi, suka tsaya. Wani siririn hayaƙi ya miƙe daga ƙarƙashin ƙoƙo, sai ƙauri ya bi, irin na takalmin roba da ya faɗa murhu.

Hotunan sun yi kyau ƙwarai. A cikin kowanne yana murmushi, hayaƙi na tashi ta bayan kafaɗarsa.

Liman ne ya fara magana, ya yi salati a hankali. Daga nan mutane suka yi abin da suka iya. Suka yi layi, kowa ya ba shi hannu. Allah ya ba da haƙuri. Kwananta ne ya ƙare. Ai ta yi ƙoƙari, mun gani. Wata tsohuwa ta tambaya ko ta daɗe ba lafiya. Hasiya ta ratso ta cikin layin. Ta tattara kofuna, ta zare zanenta daga ƙarƙashin gawar, ta kakkaɓe, ta shiga gida.

Kashegari Baban Giga ya yi wa ƴan tasha bayani. Na'urarsa, wai, ta yi gudun da allonsu ba zai iya ɗauka ba, kuma da ya danna, da an samu rikici tsakanin ƙasashe. Duk da haka an gan shi ya ari salular wani yana leƙa allon, yana ja da yatsa har ƙasa, ko an yi kuskure an sa shi. Ba a yi kuskure ba.

Damina ta zo ta wuce shago na rayuwa da matsalar giga kaɗai. Hasiya ta kafa kaskon ƙosai a ƙofar gida, kaskon ne ya riƙe tukunya har aka samo wa akwatin wata ƙwaƙwalwa daga Katsina, ƙarama, marar buri. Tun daga nan makullin shago a bakin zanenta yake kwana.

Amma suna, Allah ya ba shi, ta hanyar da bai nema ba. Daga Cadawa har Agiye ana labarin shan ruwan Garzali. Mutanen da a da ke tsallake shagonsa suka koma tsayawa gaisuwa. Tsofaffi na sa masa albarka a hanya. Shi kuwa ya ce wa Hasiya, ta gani ko, sannu a hankali gari na gane kimiyya.

Da watan Sha'aban ya kama, sai ga Alhaji Ishaku da liman da wasu dattawa sun yi sallama a ƙofar shago. Injiniya ya sauko da tabarau na goshi, ya sa aka shimfiɗa tabarma, ya harɗe.

"Na san za ku zo," in ji shi.

"Jama'a ne suka turo mu," in ji Alhaji. "Suna roƙo bana ma ka shiga gasar nan. Kada a bar Gazawa a baya. Wuri guda, lokaci guda, kamar bara. Mutanen ƙauyuka ma sun ce a sanar da su da wuri."

Garzali ya lumshe ido, ya jinjina kai a hankali, kamar mai ɗaukar nauyin al'umma.

"Sai dai gyara ɗaya suka ce a kawo maka," in ji Alhaji. "Ƙaurin nan na ƙarshe ya ɗan sa tsofaffi tari. In dokar gasar ta yarda, bana a bar na'urar a ɗaki."